Murar aladu: kurakuran da muka fi yi a Katsina da yadda za a gyara

Duk ranar da rediyo ya kawo labarin murar aladu, amsar da za ka ji a teburin mai shayi a Katsina ba ta wuce ɗaya: "Ina ruwanmu? Ai sai masu cin sa." Wannan shi ne uban kurakuran, sauran duk 'ya'yansa ne.

Cutar ba ta cikin tukunya take biyowa ba. Mura ce, ta numfashi take shiga, ta tari da atishawa da hannun da ya shafi majina. A watan Afrilun 2009 ta ɓulla a Meziko da Amurka, ranar 11 ga Yuni kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annobar duniya. Tun da ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum, ba ta ƙara neman alade ba. A shekarar nan sai da Saudiyya ta shawarci tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara su ɗage aikin Hajji. Masar ta karkashe aladunta kusan 300,000, amma cutar ta shigo mata a jikin matafiya. To mu da motoci ke zirga-zirga ta iyakarmu da Nijar a Jibia da Kongolam, ga 'yan ci-rani masu dawowa daga Legas lokacin Sallah, da me za mu tare ta? Idan aka ce sabuwar mura ta ɓulla, a wanke hannu da sabulu, a rufe baki wajen tari, mai zazzaɓi kuma ya haƙura da shiga taro.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar ta cuta guda mai suna guda. A jikin aladu akwai manyan iri uku da ke yawo, H1N1 da H1N2 da H3N2, kowanne da zuriyarsa, na Amurka daban, na Turai da Asiya daban. Ƙwayar mura tana ɗauke da gadonta ne a gutsure takwas. Hanyar numfashin alade kuwa tana karɓar murar tsuntsu, tana karɓar ta mutum. In iri biyu suka haɗu a jikin dabba ɗaya, sai su yi musayar gutsattsarin nan. Kamar mata biyu ne suka kai niƙa inji ɗaya, wannan da gero, waccan da dawa, mai inji bai kakkaɓe ba: garin da zai fito ba na kowa ba ne zalla. Haka ta 2009 ta fito, da gadon alade na nahiyoyi biyu, da na tsuntsu, da na mutum. A 2020 masu bincike a Sin suka bayyana wani iri da suka kira G4, suka kuma tarar kusan ɗaya cikin goma na ma'aikatan gonakin aladu da aka gwada ya taɓa kamuwa da shi. Don haka wanda ke cewa "ai na yi murata tun hunturun bara" ya sani jikinsa waccan ya sani, bai san sabuwa ba.

Mu ƙofarmu kaji ce, kuma a nan sakacinmu ya fi yawa. Murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, cikin Fabrairun 2006. Har yau za ka shiga gida a Daura ka tarar da agwagi da zabi da kaji a akurki ɗaya, kasko ɗaya suke sha. Da safe a ga kaza ta takure, tukkunta ya yi baƙi-baƙi, sai uwar gida ta ɗaga murya: "Kai, kawo wuƙa kafin ta zama mushe!" A miƙa wa yaro ya fige. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma wajen figa da fiɗa ne mutum yake shaƙar ta. Mai gona kuma in ya ga mutuwa ta fara yawa, sai ya kira dillali cikin dare a kwashe kan farashin banza. Kajin nan wa ya san inda za su ƙare? Wata motar kudu za ta nufa, inda wasu ke kiwon kaji da aladu katanga ɗaya, har suna jefa wa aladun matattun. Ka ga an kai hatsi inji ke nan.

Abin yi ba shi da wuya, asarar ce ke da ciwo. Kajin da suka mutu farat ɗaya a haƙa rami mai zurfi a binne su, da leda a hannu da takunkumi a fuska. Kada a sayar da na raye, kada a jefa bola. A sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, shi zai ɗauki samfur a kai cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Masu shanu ma su buɗe kunne, domin a 2024 wannan H5N1 ta shiga shanun tatsa a Amurka, aka same ta a cikin madara. A tafasa kafin a sha.

Wani kuskuren kuma shi ne gudu kemis a sayi Ampiclox. Wannan maganin bakteriya ne, ba ruwansa da mura. Akwai na murar kansa, oseltamivir, likita ke rubuta shi, kuma ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Zazzaɓi mai zafi da tari da numfashi sama-sama, musamman ga mai ciki ko tsoho ko mai asma, asibiti suke so, ba jira ba.

Akwai kuma ɓoyo. Matashi ya yi leburanci a gonar da ake kiwon aladu a kudu, ko direba ya ɗauko kaya daga kasuwarsu ta Katsit kusa da Kafanchan, ya dawo gida da zazzaɓi, kunya ta hana shi faɗa. Likita kuwa bai san gaibu ba, sai ya ba shi maganin maleriya ya sallame shi. A gaya masa dabbar da aka taɓa da ranar da aka taɓa ta. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kwanta bayan mutuwar kaji, a kira hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, a 6232, kiran kyauta ne.