Yadda za a gwada wa yaran firamare kimiyya da kayan madafa

A Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, yaran firamare kan tashi daga makaranta da wuri ranar Laraba, kuma kafin lokacin Islamiyya suna yin sa'o'i a hannun mai kula da su, ko uwa ce, ko kaka, ko maƙwabciyar da ake bar wa yara. A aji, da Faransanci ake koya musu kimiyya, su kwafa daga allo, su haddace domin jarrabawar kammala firamare, wato CEP, amma da wuya hannun yaro ya taɓa abin da ake magana a kai. Waɗannan sa'o'i na yamma sun isa a cike wannan giɓi, kuma kayan aikin suna nan a madafa.

Sharaɗin farko shi ne mai kula ta kama bakinta. Kafin a zuba komai, ta tambayi yara abin da suke zaton zai faru, kowa ya faɗi nasa, sannan ta bar su su zuba da hannunsu. In ta riga su ba da amsa, gwajin ya koma darasin hadda.

A fara da zoɓo, wanda a kasuwanninmu aka fi sani da folere. A jiƙa busasshensa a ruwan ɗumi, a tace, kada a sa sukari, sannan a tsarma shi har sai ana hango haske ta cikinsa, domin in ya yi kauri ba za a ga sauyin launi ba. A yanke gorunan ruwa guda uku a mai da su kofuna, a zuba zoɓon daidai wa daida. Kofi na farko ba a taɓa shi, shi ne ma'auni, kuma yara sukan so su zuba masa wani abu, sai an hana su. A na biyu yaro ya matse lemun tsami, a na uku wani ya ɗiga ruwan kanwa da cokali. Na biyu zai ƙara ja da haske, na uku kuwa zai yi duhu ya karkata zuwa shuɗi ko kore. Dalili shi ne sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, wato antosayanin, yana sauya kama gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki.

Daga nan sai a matse lemun tsami a cikin kofin kanwar. Kumfa za ta taso, jan launi ya dawo. Wannan kumfa iskar kabon dayoksaid ce, irin wadda ke tashi idan an buɗe lemun kwalba. Na ga wata yarinya 'yar aji uku da ta tsaya tana kallon kofin, can ta ce ashe shi ya sa Inna ke jefa kanwa a miyar yakuwa idan ta yi tsami. Gaskiya ta faɗa, kuma babu wanda ya gaya mata. A nan ne ya dace a faɗa wa yara cewa yakuwa da zoɓo tsiro ɗaya ne, kuma yankin Kanem da ke kusa da Tafkin Chadi ya daɗe da shahara wajen haƙar kanwa.

Gwajin inuwa ya fi buƙatar haƙuri. A kafa sanda a tsakar gida inda rana ke samu, duk bayan awa ɗaya yaro ya ajiye tsakuwa a bakin inuwar. A maimaita sau ɗaya a wata, manyan yara na CM1 da CM2, wato aji biyar da shida, su auna tsawon inuwar tsakar rana su rubuta a littafi. Da yake Garwa tana kimanin digiri 9 ne arewa da ikwaita, za su ga inuwar ta nufi arewa a watan Disamba, ta koma kudu a watan Yuni, kuma wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta ta kusa ɓacewa a gindin sandar.

Randa ma abin gwaji ce. A zuba ruwa a tulu da kuma bokitin roba, a ajiye su a inuwa, da la'asar yara su tsoma yatsa, za su ji na tulu ya fi sanyi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulu yana bushewa ne tare da ɗauke zafi, kuma a kan wannan ne Mohammed Bah Abba na Nijeriya ya gina tukunyarsa mai riɓi biyu ta adana kayan lambu, wadda ta ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

Game da tsaro, kada a bari sodar yin sabulu ko ruwan batir ko ashana su shigo wannan wasa, kuma a gaya wa yara tun farko cewa ba a shan abin da ke cikin kofin gwaji, ko da zoɓo ne. Ƙananan 'yan SIL da CP, wato aji ɗaya da biyu, a ba su aikin zubawa da zana launin da suka gani, manya su riƙe littafin rubutu, kuma gwaji ɗaya ya ishi yamma ɗaya.