Yaro mai amai wata-wata: ku daina cewa taifot ne kai tsaye

Na gaji da ganin sababbin ma'aikatan lafiya suna maimaita abin da ni kaina na yi wa 'yata.

Tana da shekara 6 abin ya fara. Da asuba za ta farka tana dafe cibiya, leɓɓa sun yi fari, amai sau huɗu ko biyar cikin awa guda. Kwana biyu sai ta miƙe garau tana neman tuwo. Bayan wata guda ya dawo sak yadda ya zo. Sau biyar na kai ta gwajin Widal, sau biyar na ɗura mata maganin taifot. Kuɗi suka tafi, zangon karatu guda ya salwanta, bayan hannunta duk tabon allurar ƙarin ruwa. Ni uwarta kuwa tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa abu ɗaya ne ba.

Babban kuskuren ke nan, zaton ɓarin kai a kai kaɗai yake tsayawa. Tushensa ƙwaƙwalwa ce mai saurin harzuƙa, kuma gadonta ake yi. Jijiyar vagus ta haɗa ƙwaƙwalwa da hanji, kusan kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki, sinadarin da ke isar da saƙon jijiyoyi, a hanji yake, sinadarin CGRP mai tayar da ciwon kai ma yana jijiyoyin hanjin. Shi ya sa a yaro yakan fito ta ciki, ta amai, ta jiri, a jariri ma ta karkacewar wuya mai zuwa ta wuce. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta jera su ƙarƙashin ɓarin kai a kundinta na 2018.

To kai ma'aikacin lafiya, me zai hana ka tambayi uwa ko tana ɓarin kai? Minti ɗaya ne fa! Ni yanzu littafi nake sa a saya, a rubuta ranar da ciwon ya tashi, awa nawa ya yi, ko yaron ya kwana da yunwa ko barci ya gaza masa. Wata uku ya isa a ga tsarin.

Jirin da ke kama yaro na 'yan mintuna ba iska ba ne. Kada a ce ƙarya yake don gudun makaranta. Farasitamol kullum shi ma yana jawo ciwon kai.

Gwajin maleriya dai ba na tsallake shi. In kuma akwai zazzaɓi, ko koren amai, ko sanƙarewar wuya, a ajiye littafin a wuce asibiti a daren.