Kurakuran da na gaji da gyarawa a zanen gada

Duk shekara yara masu koyon aiki da masu bautar ƙasa suna zuwa ofishinmu a nan Zariya, kuma kuskuren da na gyara wa na bara, shi nake tararwa a zanen na bana. Hannunsu na da sauri a AutoCAD, manhajar da muke zane da ita a kwamfuta, wannan kam ba na musu. Abin da ba su riƙe ba shi ne, lambar da suka sa a takarda ita mai ɗaurin rodi zai bi ya yanka ƙarfe.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rubuta awo da hannu. An ce a ƙara tsawon bim, wato doguwar gangar kankare da ke ɗauke da saman gada, sai yaro ya danna lambar awon sau biyu, ya goge ta ya rubuta sabuwa, layin kuma yana nan yadda yake. Ni ma na taɓa yi, kuma na ji a jikina. Wata ƙaramar gada ce, aka mayar da bim daga milimita 10,000 zuwa 10,500 ana gobe za a miƙa zane. Na canza lambar kawai na tafi gida. Abokin aikina da ya fitar da jadawalin rodi ya auna daga layin, ba daga rubutun ba. Bayan mako biyu dattijon da ke ɗaura mana rodi ya kira ni: "Injiniya, ka zo ka gani, ƙarfen nan bai kai ba." Na tarar da rodi mai kaurin milimita 25 jibge a ƙasa, an yanka an lanƙwasa, kowanne ya gaza da rabin mita. Rodi mita 12 yake zuwa, wanda aka yanka kuma ba ya komawa. Sai da aka sayo sabo, aiki ya tsaya, leburori na zaune ba a biya su ba. Har yau ina tuna yadda dattijon nan ya dube ni bai ce komai ba.

Saboda haka idan awo ya canza, ka ja layin kansa da umarnin STRETCH, lambar za ta bi shi. Idan ka gaji zanen wani, ka zaɓi awon ka sa alamar <> a gurbin rubutun, ainihin tsawon zai fito. Ni kuma kafin zane ya bar tebur dina sai na buga shi a babbar takarda ta A1, na ɗauki rular sikeli na gwada awo uku ko huɗu. Wasu na cewa ɓata takarda ne. Ni dai ba zan daina ba.

Fayil ɗin sufiyo, wato mai awon ƙasa, yawanci da mita yake zuwa, mu kuma da milimita muke zana gada. Ka duba INSUNITS, inda ake saita ma'aunin zane, ka auna wani abu da ka san tsawonsa da umarnin DIST kafin ka ja layi ko ɗaya. Ka kuma tambayi sufiyon wane tsarin nuna wuri a taswira ya yi aiki da shi, na Minna ko WGS 84, don ba wuri ɗaya suke faɗawa ba.

Sai maganar ruwa, kuma a nan ne nake faɗa sosai. Haba, ta yaya mutum zai je rafi a watan Maris, ya ga ruwa iya idon sawu, ya dawo ya tsayar da tsayin gada? Je ka tsaya a gadar Kubanni tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari da rani, ka sake komawa a Agusta bayan ruwan dare, ko ka leƙa kogin Galma. Kwamfuta ba ta san inda ambaliya ta taɓa kaiwa ba, amma masu lambu a bakin rafin sun sani. Ka gaishe su da ladabi ka ce, "Baba, a shekarar da ruwa ya fi yawa, ina ya tsaya?" Zai nuna maka a jikin bishiya. Ka ɗaga kai ka ga ledojin da suka maƙale a reshe, su ma shaida ne. Kada ka manta da zaizaya: ruwa mai gudu yana rarake ƙasa a gindin ginshiƙi, shara kuma ta toshe hanya ta ƙara masa ƙarfi. Harsashin da bai yi zurfi ba, wata damina za ka tarar da shi a rataye. Ban yarda a tsayar da zurfinsa ba sai an yi gwajin ƙasa.

Sauran ƙanana ne. Ka bar wa gada wurin miƙewa, domin tsakanin daren hunturu da ranar Afrilu kankare mai mita 20 zai motsa kusan milimita 7. Ka kunna OSNAP, wanda ke kama bakin layi daidai, ido ba ya haɗa layi. Kada ka zuba komai a leya 0, wato leyar da zane ke zuwa da ita tun farko, ka raba abubuwa leya-leya. Ka rubuta kaurin kankaren da zai rufe rodi, don masu aiki su san girman biskit ɗin da za su sa, wato ɗan guntun siminti da ke raba rodi da katako. Idan za ka tura zane, ka bi ta umarnin ETRANSMIT don kada XREF, wato fayil na daban da aka haɗa da zanen, ya zauna a kwamfutarka. Kuma ka riƙa danna Ctrl da S don adana aikinka, ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba.