Yadda zaka gwada bugun The Dark Side of the Moon kala-kala ka gane wanda yafi sauti ba tare da kunnenka ya yaudare ka ba

Kundin waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Ingila ɗin nan, Pink Floyd, mai suna The Dark Side of the Moon ya fito ne a watan Maris na 1973, a sitidiyon Abbey Road da ke Landan aka naɗe shi, Alan Parsons ne injiniyan da ya zauna kan na'ura, kuma tun daga lokacin ake ta sake buga shi ana sake taɓa sautin har ta kai yau in ka tashi nemansa zaka tarar da bugu barkatai, kowanne da masu rantsuwa akan shine gangariya. Wani yace maka sai faifan garmaho na farko da kamfanin Harvest suka buga a Ingila, wani yace ina, CD ɗin Japan na 1983 ne sarki, wani kuma ya kafe akan remasta, wato sautin da aka sake gyarawa, na 2023 tunda shine sabo. Mafi yawansu basu taɓa jera biyu sun saurara a ƙara iri ɗaya ba. To ga yadda zaka yi naka gwajin, kuma ba sai kana da kayan miliyoyi ba, kwamfuta da hedfon mai waya mai ɗan kyau sun isa ka fara.

Abu na farko, ka san me ke hannunka. Anan ne mutane suke fara ɓata lissafi, sai mutum ya kunna faifan garmaho ya kunna CD yaji bambanci yace kaga ai garmaho yafi CD, alhali ba mazubin yake ji ba, aikin wanda ya gyara sautin yake ji. Mazubi shine garmaho, kaset, CD, SACD, FLAC, MP3. Masta kuma shine yadda injiniya ya ɗauko sautin daga tef na asali ya ƙara bes ko ya rage, ya kaifafa sama ko ya dusashe, ya matse ƙara ko ya barta ta sha iska. Kamar miya ce da kwano, in ka canza mai girki kuma ka canza kwano a lokaci ɗaya to baka da bakin cewa kwanon ne ya kawo daɗin.

Shi wannan kundi masu girkinsa suna da yawa. Akwai bugun farko na 1973. Akwai na kamfanin Mobile Fidelity na 1979 da aka yanka faifan a rabin gudu, daga baya suka fitar da CD mai ruwan zinare. Akwai na Japan ɗin da na ambata na Toshiba-EMI wanda masu tara faifai ke ganewa da baƙin alwatika a jikinsa. Doug Sax yayi remasta a 1992 wanda ya shiga akwatin Shine On. A 2003 lokacin cikar shekara 30 aka fitar da SACD, faifai mai kama da CD amma mai ɗaukar sauti fiye da shi, James Guthrie yayi masa sabon haɗi na lasifika 5.1, sannan a 2011 Guthrie da Joel Plante suka sake remasta, sai kuma na 2023 na cikar shekara 50 da yazo har da sautin kewaye na Dolby Atmos. Ka lura fa, haɗin 5.1 da Atmos da kuma tsohon haɗin lasifika huɗu da Parsons yayi ba remasta bane, sake haɗa kayan kiɗan akayi daga tushe, don haka kar ka jera su da sitiriyo kace kana gwada inganci, wancan zancen ra'ayi ne. Na Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar, da ya fitar a 2023 mai Redux a ƙarshen suna kuwa sake rerawa yayi gaba ɗaya, cire shi daga lissafi. Ka juya bayan kwalin ka karanta shekara da lambar bugu, ka duba ƙananan rubutun da ke zagaye da ramin CD ko wanda aka karce kusa da tsakiyar faifan garmaho, ka shiga Discogs, shafin intanet da ake jera bugun faifai, ka nemo su, nan zaka san takamaimai wanne ne naka. Ka rubuta a takarda.

Na biyu, ka kawo su duka wuri ɗaya, wato cikin kwamfuta, saboda ba zaka iya gwaji kana tashi kana canza faifai ba, kafin ka dawo ka zauna kunne ya manta abinda yaji. CD ka kwafe shi da manhajar Exact Audio Copy zuwa FLAC ko WAV, fayilolin da basa zubar da komai na sautin. Garmaho sai ka naɗa ta manhajar Audacity, amma ka tabbata sautin ya bi ta amfilifayar da aka yi don allura, in ba haka ba zai fito siriri babu bes. SACD ɗin 2003 hawa biyu ne a faifai ɗaya, in ka saka shi a na'urar CD ta gama-gari ko a kwamfuta hawan CD kawai zata karanta, kar ka zauna kana yabon DSD, wato sautin hawan SACD ɗin, alhali baka ma taɓa shi ba.

Akwai tarko ɗaya a tsohon CD ɗin Japan ɗin. An buga shi da wata dabara ta farkon zamanin CD inda ake ɗaga sautin sama da gangan a faifai, na'urar kunnawa ita kuma ta sauke shi ya dawo daidai. In ka kwafa zuwa kwamfuta baka sauke ba zaka ji shi da kaifi yana tsira kunne, sai kace wai wannan ne ake ta zuzutawa? Ba laifinsa bane. Ka nemi abin sauke shi na manhajar foobar2000 ko SoX kafin ka yanke hukunci.

In kuma fayil ɗin turo maka akayi, ko ka karɓo wajen masu tura waƙa a kati, ko ya biyo ta Xender daga waya zuwa waya, to sunan da ke jikinsa ba hujja bane, kowa zai iya maida MP3 zuwa FLAC ya kumbura shi. Ka buɗe shi da Spek, ƙaramar manhaja ce kyauta, zata zana maka hoton sautin. In kaga an datse saman hoton tsaf kamar da reza a wajajen 16 kHz to galibi MP3 ne na 128, wato mai ƙaramin inganci, in a wajajen 20 kHz ne to mai yiwuwa na 320 ne, shi CD na gaskiya yana da fili har 22 kHz kuma samansa dusashewa yake a hankali ba datsewa ba. Wanda aka sauke daga YouTube kuwa an riga an matse shi, ajiye shi gefe.

Na uku shine zuciyar aikin, daidaita ƙara. Kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a, duk abinda yafi ƙara ko da kaɗan ne sai yaji kamar yafi cika, bes yafi nauyi, murya tafi fitowa, kuma ba zai ce maka ƙara ce ba, zai ce maka inganci ne. Bambancin da bai kai desibel ɗaya ba ya isa ya karkatar da kai. Su kuma bugun nan ba a ƙara ɗaya suke ba, tsofaffin CD na shekarun 1980 galibi sunfi yin ƙasa, sababbin remasta sunfi tashi, don haka in ka kunna su yadda suke sabon zai lashe tun kafin a fara. Kuma kar kace zaka daidaita da hannu kana murɗa ƙara har kaji sun yi daidai, kunnen da kake so ka gwada shi kake sawa alƙalanci. Ka saka fayilolin a foobar2000, ka zaɓe su, kasa ReplayGain ya auna kowanne, shi zai sauke mai ƙarfi ya daidaita su. In a Audacity kake, akwai wajen daidaita ƙara da ma'aunin LUFS, ka basu lamba ɗaya, misali -18, amma kan ɗan yankin da zaka gwada zaka yi ba kan kundin gaba ɗaya ba. Ka kashe ikwalaiza da duk wani ƙarin bes ko sautin kewaye da waya ko kwamfuta ke sakawa da kanta. Bulutut ma ajiye shi, yana sake matse sauti a hanya kafin ya iso kunne, ka jona waya. Ka kashe fanka, in janareta na ruri a bayan taga ka bari sai dare yayi.

Na huɗu, kar ka saurari minti 43 ɗin a jere sannan ka koma ɗayan. Yanka zaka yi, daƙiƙa 15 zuwa 20, wuri ɗaya daga kowane bugu. Kuma kar ka dogara da lambar waƙa ko lokacin da manhaja ke nunawa, a wasu CD ɗin an haɗe Speak to Me da Breathe a lamba ɗaya, a wasu an raba, ka jera su a Audacity ɗaya saman ɗaya ka ja har zanen ya hau kan juna.

Wuraren da ni nake ganin sunfi tona asiri: bugun zuciyar da ya buɗe kundin, nan zaka ji ko bes ɗin dunƙulalle ne mai gefe, dum-dum, ko kuwa ya baje yana gurnani, sannan ka kasa kunne ga tsiiin tef da ke ƙarƙashinsa kafin komai ya shigo. Sai agogunan farkon Time, waɗanda Parsons ya naɗo a shagon tsofaffin kaya, suna fashewa lokaci ɗaya daga shiru, a bugu mai kyau kana iya bin ƙararrawa ɗaya da kunne kaji yadda take mutuwa a hankali bayan sauran sun yi shiru, a wanda aka kaifafa da yawa kuwa duk sai su dunƙule su zama ƙara ɗaya mai sa ka runtse ido. Bayansu gangunan Nick Mason na shigowa ɗaya-ɗaya, ka saurari amon da ke biyo bayan kowane bugu, tsawonsa da inda yake tsaye tsakanin hagu da dama. A The Great Gig in the Sky ka yanko inda muryar Clare Torry ta kai ƙololuwa. A Money ka ɗauki farkon, ƙarar injin kuɗi da sulalla suna tsalle daga kunne zuwa kunne kafin bes ya shigo da kiɗansa mai ƙirga bakwai. Us and Them kuma tana da amfani ta wani ɓangaren, tana tafiya a sanyaye da saksofon ɗin Dick Parry sai amshi ya taso da ƙarfi, to tazarar da ke tsakanin sanyin da tashin ita zata gaya maka ko an matse masta ɗin. Biyu ko uku daga ciki sun ishe ka a zama ɗaya, kunne na gajiya.

Na biyar, rufe ido. Ba ina nufin ka runtse ba, ina nufin kar ka san wanne ke kunne. foobar2000 yana da ƙarin manhaja mai suna ABX Comparator, zaka bashi fayil biyu, A da B, shi kuma ya ɓoye ɗaya a matsayin X yace ka faɗa wanne ne. Kayi sau 16. In ka ci 12 ko sama to da wuya ace sa'a ce, don mai canka kawai damar da yake da ita ta kai haka bata kai kashi 4 cikin ɗari ba. In kana yawo a 8 ko 9 to gaskiya baka jin bambanci, kuma ba abin kunya bane. Abinda zaka tarar galibi shine tsakanin masta biyu daban, kamar na 1983 da na 2011, zaka iya cankowa in ka nutsu, amma tsakanin FLAC da MP3 na 320 da aka yi daga masta ɗaya sai gumi ya karyo maka. Haka tsakanin CD mai 16-bit da fayil mai 24-bit in tushensu ɗaya. Kafin wani yace kunnensa na zinare ne, a 2022 ta fito fili cewa Mobile Fidelity sun daɗe suna bi da yawancin sababbin faifansu na garmaho ta matakin dijital na DSD kafin yankawa, kuma shekara da shekaru masu cewa suna jin ƙamshin dijital daga nesa suna ta yabon faifan. ABX dai bambanci kawai yake nuna maka, wanne kafi so kuma sai ka sa wani ya dinga kunna maka ba tare da ya faɗa ba kana rubuta abinda kaji da kalmomi masu kama hannu, bes yafi yawa, murya ta matso, kuge na tsira kunne, ba wai yafi rai ko yafi ɗumi ba.

Sai bayan ka gama da kunne sannan ka duba da ido, in ka fara da ido zai gaya wa kunne abinda zai ji. A Audacity ka kalli zanen, wanda aka matse zaka ga samansa a shafe kamar an daddatse, wanda aka bari kuma yana da tsaunuka da kwari. Akwai ma'aunin DR da ke bada lamba, babba na nufin tazara mai faɗi tsakanin sanyi da tashin sauti, amma kar ka gwada lambar garmaho da ta CD, naɗin garmaho yakan bada lamba mai girma ko da masta ɗin ɗaya ne. In kana zargin CD biyu masu kwali daban abu ɗaya ne a ciki, wanda yana faruwa sosai, ka jera su daidai ka kifar da ɗaya da Invert na Audacity ka haɗe, in shiru ya biyo baya to tagwaye ne, ka huta da gardama. In an sake ɗaukowa daga tef ne ba zasu taɓa share juna ba tunda gudun tef baya zama daidai sau biyu.

Shi garmaho ka yi masa adalci ta ɓangare biyu. Abinda ka naɗa ba faifan kaɗai bane, harda allurarka da saitinta da ƙurar da ke cikin layin, don haka ka wanke faifan ka duba allura tukunna. Sannan yadda allura ke matsawa tsakiya haka sauti ke raguwa da tsabta, kuma The Great Gig in the Sky ce ƙarshen fuska ta farko, Eclipse ƙarshen ta biyu, to in kaji muryar Torry na ɗan yagewa a sama kar ka ɗora wa masta laifi kai tsaye, ka gwada Breathe ko Money da suke bakin faifai ka gani ko yagewar na nan. In babu ita a can, matsalar wajen zaman waƙar ce ko allurarka, sai ka nemi wani ya naɗo maka irin bugun a nasa injin ka sake jerawa.