Matakan Gyara PS4 Mai Kashe Kanta

Tambaya ta yi yawa kan PS4 (na'urar wasan gem ta PlayStation 4) mai kashe kanta. Yawanci zafi ne ko matsalar wuta.

1. Cire wayar wuta, a bar PS4 ɗin ta huce minti 30.
2. Fito da ita daga kabad, santimita 10 daga bango.
3. Goge ramukan iska da busasshen buroshi. Ƙurar hunturu na toshe su har fanka ta riƙa kuka.
4. Gwada wata wayar wutar.
5. Tana kashe, danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, kusan daƙiƙa 7, don shiga Safe Mode (shafin gyara).
6. Jona pad (abin da ake riƙewa a buga wasa) da wayar USB, ka danna maɓallin PS.
7. A jerin da ya fito a allo, zaɓi Rebuild Database (sake tsara bayanan da ke cikinta).

Hattara: kada ka taɓa Initialize a jerin, komai zai goge!

8. In ta sake mutuwa, kai wa mai gyara ya duba ɓangaren wutarta.