Yadda ake sa ido a rumfar zaɓe a yankin da ya sha tashin hankali

A ƙasar da ta fito daga rikici, zaɓe ba ya zama da gindinsa sai wanda ya sha kaye ya gamsu cewa ba a yi masa coge ba. A Kodebuwa, gardamar sakamakon zaɓen 2010 tsakanin Laurent Gbagbo da Alassane Ouattara ta ci rayukan mutum wajen 3,000, saboda haka duk mai niyyar aikin sa ido a jihar Maraɗi ta Nijar, ranar da aka koma ga akwatin zaɓe, ya kamata ya san nauyin da ya ɗauka.

Aikin yana farawa tun lokacin da aka kafe jerin sunayen masu zaɓe. A karkarar Madarunfa da Gidan Rumji, 'yan bindiga sun tashi mutane daga ƙauyukansu, alhali sunayensu na nan a rumfunan da suka baro. Sai ka zauna da maigari da limami ku tantance waɗanda suka ƙaura, ku kai maganar ga hukumar zaɓe da wuri, domin ranar zaɓe ba a gyara jerin suna. A kula kuma kada zaman 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato, waɗanda suka fara tsallakowa da yawa a 2019, ya zama hujjar hana ɗan ƙasa ƙuri'arsa.

Ranar zaɓe ka isa kafin a buɗe rumfa, da takardar izininka, da littafi, da cocila, don sau da yawa ƙidaya tana kaiwa dare. Ka ga cikin akwatin da idonka babu komai kafin a rufe shi, ka rubuta lokacin da aka fara. Kada ka taɓa ƙuri'a, kada ka nuna wa kowa inda zai dangwala, ko da gyatumarka ce.

Wajen ƙidaya ne ake yin ta. Kafin a raba ƙuri'u, a ƙirga waɗanda suka sa hannu ko suka dangwala yatsa a jerin suna, a gwada da adadin da aka zazzage daga akwati. Idan an samu saɓani, ka nemi shugaban rumfa ya rubuta shi cikin takardar sakamako. A ganina, mai sa ido da ya tashi bai kwafi alƙaluman wannan takarda ba, zaman banza ya yi. Ka kwafe su a gaban wakilan jam'iyyu, lalatattun ƙuri'u ma ka rubuta yawansu.

Kada ka yi wasa da maganar hanya. Ranar 21 ga Fabrairun 2021, nakiya ta tashi da motar ma'aikatan hukumar zaɓe, wato CENI, a jihar Tilaberi, mutum bakwai suka rasu. Idan dare ya yi maka a ƙauye, ka kwana nan, ka aika alƙaluman ta waya ga ƙungiyar da ta turo ka. A rahotonka ka rubuta abin da ka gani, da wuri da lokaci, ka bar jita-jitar WhatsApp a gefe.