Yadda za ka ceto muryoyin da ke cikin tsofaffin kaset

Sau da yawa kaset yana nan lafiya, na'urar da za ta kunna shi ce ta ɓace. Funai na Japan, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta VHS, ya daina a 2016. Don haka a kwafi kaset zuwa kwamfuta tun akwai sauran na'urori masu aiki.

Fara da ɗaga kaset ɗin a haske. Idan ka ga farar fumfuna a gefen zaren, ware shi, domin zai ɓata na'urar, ita kuma ta shafa wa sauran. Ɓalle 'yan harsunan roba biyu da ke saman kaset, don kada a naɗi wani abu a kansa bisa kuskure. Sai ka sa auduga da sifirit ka goge ƙarfen da ke karanta zaren da 'yar tayar robar da ke jansa, ka bari su bushe. Tayar nan, in ta yi dauɗa, ita ce ke sa na'ura ta tauna zare. Gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna.

Kada ka kara waya a bakin sifika. Hayaniyar ɗakin duk za ta shiga. Haɗa na'urar da kwamfuta da igiyar sauti, ka buɗe manhajar naɗar sauti ta Audacity, kyauta ce. Saita ta a 48 kHz da 24 bit, ka rage ƙarar yadda ba za ta wuce -6 dB a ma'aunin ƙarar manhajar ba, domin sautin da ya fashe wajen naɗa ba ya gyaruwa. Adana shi a tsarin fayil na WAV, awa ɗaya kan ci kusan 1 GB. MP3 yana zubar da wani ɓangaren sautin, amfaninsa tura wa jama'a ne kawai.

Rubuta sunan mai magana, wurin da shekarar a sunan fayil ɗin.

Yi kwafi uku a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gini ko a intanet. Filasha ba wurin ajiya ba ce: in ta daɗe ba a jona ta ba, tana iya zubar da abin da ke cikinta. Faifan CD da aka naɗa a kwamfuta kuma zafi da rana na cin rinin da ke riƙe bayanan. Kowace shekara buɗe fayilolin ka saurara, duk shekara biyar ka mayar da su sabon ma'aji. Asalin kaset ɗin kuwa a jera shi a tsaye, nesa da laima da maganaɗisun sifika.